Igiya Tsakanin Tagwaye

Ni mai ɗinkin tamfol ne a Faringada.
Motocin dankali da kabeji na sani,
ruwa kuwa, sai na buta da na rijiya.
Ran Talata Kachollom ta zo rumfata
da hoto a waya. Jirgin babana ne, ta ce,
shekara huɗu yana kwance tun rasuwarsa,
rana ta cinye shimfiɗar.

Na je Refil, na same shi a bakin tafki.
Ashe ba ɗaya ba ne, biyu ne, sirara,
Hasan nan, Husaini can,
ƙarfe biyu a gicciye sun hana su rabuwa,
tsakaninsu fayau, ba wurin aza ƙafa.
Nan ne aikina.

Ramin nan kakana ya haƙa, shi da dubunsa,
kwanon kuza a ka, biya sai ƙarshen mako.
Yau ruwa ya cike shi, kore shar, shiru,
ba mai faɗa maka zurfinsa.
Ban gaya mata ba. Na buɗe jaka.

Muka shanya sabuwar ragar ta sha rana ta yi laushi.
Huda sittin da huɗu, kowace da zoben ƙarfe,
na bi su da yatsa kamar mai jan carbi.
Daga tsakiya na soma:
igiya ta shiga nan, ta ɓullo can,
ta zaga ƙugiya, ta dawo gida,
sako-sako tukuna.
Ta ce, ja mana, Malam Ɗanjuma!
Na ce a'a. Wanda ya tamke huda ta fari
zai yi kuka a ta ƙarshe.

Zagaye na biyu, na karɓi kaɗan a hannun kowace,
kamar uwar adashi.
Na uku, na naɗe igiya a guntun icen gwaiba,
na tokare ƙafa a ƙarfe, na kwanta baya.
Tafina ya yi bororo.
Sai ga ta da zaren awon babanta,
mai jan ƙulli a inda ya yi alama.
Ta auna kusurwa zuwa kusurwa,
ta ce Hasan ya riga Husaini da yatsa biyu,
in aka bar shi haka, tafiyar ƙaguwa zai yi.

Muka kwance. Duka.
Bakina bai ce uffan ba,
cikina ne ya yi dogon jawabi.

La'asar ta same mu a rabin hanya.
Na hau dutse na tayar da salla,
ita ta riƙe mini bakin igiyar da hannu biyu
kada ta zame, har na sallame.
Na ga shatin a yatsunta. Ba ta nuna ba.

Ja nan, tsallaka, ja can,
kada gefe ya ci haƙƙin gefe.
Tamojin tsakiya suka miƙe ɗaya bayan ɗaya.
Na buga tafi, raga ta amsa, gam, kamar ganga.
Na jefa makullin babur, ya yi tsalle ya dawo hannuna.
Na ƙulle, na ƙone bakin igiya da ashana.

Ina haɗa kaya ta miƙo mini riga mai ruwan lemo.
Babana yakan ce wanda ya ɗaure
shi ke fara zama.
Na ce ni ko a kwatami ban taɓa iyo ba.
Ta ce to, ka yarda da ƙullinka?

Ga ni zaune a kan aikin hannuna.
Filafili ya sha iska, gaɓa ta ja baya,
ta idon raga ina kallon ramin kakana
yana wucewa ƙarƙashin gwiwata, taku ɗaya.
Igiya na ƙara, ƙii, ƙii, tana neman wurin zamanta.
Sabuwa ce, za ta saki, na sani.
Na ce mata ran Asabar zan dawo in ƙara ja,
muryata na rawa,
hannuna kuma ya ƙi sakin ƙarfe.